Tabon Gajere a Hannun Dogo

A layinsu, in mutum yana neman tarihin rayuwar wani da zai karanta, ba ɗakin karatu ake tura shi ba, shagon Gajere tela ake nuna masa. Gajeren nan ɗan gwaggona ne, saboda haka duk abin da za a faɗa a kansa a nan da lasisi aka faɗe shi. Gajere ne na gaske, irin wanda in ya zauna bayan keken ɗinki sai ka rantse keken ne ke ɗinki shi kaɗai. Amma abin da aka rage masa a tsawo an cika masa shi a ƙyashi. Mutum ne da in maƙwabcinsa ya yi atishawa mai ƙarfi sai ya wuni yana jin haushi don tasa ba ta kai haka ba.

Shagon ɗaki ɗaya ne, tsakanin mai kemis da mai gyaran waya. Keke yana bakin ƙofa saboda haske. Ga teburin yanka da ya sha alli har ya yi furfura, ga bencin baƙi mai ɗingishi da ƙafa ɗaya, ga kujera a lungu inda matarsa ke zama tana dasa maɓallai da yin kalmasa. A saman duk wannan akwai kantoci har rufi, kuma ba yadi ne a kansu ba. Littattafai ne, duk tarihin mutane, kowanne da ƙyalle yana leƙowa daga tsakiyarsa kamar yana yi maka gwalo.

Ƙyallen nan shi ne Gajere gaba ɗayansa, don haka a tsaya a ji asalinsa.

Bokonsa bai yi nisa ba aka cire shi aka kai shi koyon ɗinki, amma ya fito da karatu a baki. Bayan ya buɗe shagonsa sai ƙafar keke ta riƙa rawa, ya je wurin mai sayar da tsofaffin takardu ya sayo wani littafi mai kaurin bulo ya tokare ta. Wata rana aka wuni ana ruwa, ba ciniki, ya zaro shi ya buɗe. Tarihin wani matuƙin jirgin ruwa ne da ya tashi maraya, yana kwana ƙarƙashin kifaffen kwale-kwale, yana rabon abinci da kyanwa. Gajere ya yi ta karatu yana hawaye mai daɗi, yana cewa, "Allah sarki, bawan Allah." Yana nan har ya kai shafin da aka ba mutumin jirgi nasa na kansa, da farar riga mai maɓallan zinariya. Nan take ƙyashin nan nasa ya motsa. Ya laluba ƙasa, ya ɗauki ƙyalle, ya cusa a wurin, ya rufe littafin da ƙarfi.

"Daga nan kuma sai fankama," in ji shi.

Tun daga ranar bai taɓa ƙetare wurin da mutum ya fara samu ba. Yana son manyan duniya ƙwarai, amma yana son su ne da yunwa, ba takalmi, ana korarsu daga gidan haya. Da zarar sun yi wanka sun hau mota, sun ɓata da shi. Ya san ƙuruciyar mutanen da suka fi gashin kansa yawa, bai san yadda ko ɗaya ya ƙare ba.

Abin mamaki, wannan rabin karatu shi ya yi masa suna. Mutane suka gane cewa littafin da Gajere ya zaɓa maka yana sanyaya zuciya. Mai kemis ya taɓa shigowa fuska a murtuke, wani ɗan uwansa ya buɗe kemis da ya fi nasa girma.

"Gajere, ba ni abin da zai sauke min jini."

Gajere ya hau benci, daga benci ya hau tebur, ya yi ɗage, ya sauko da tarihin wani ɗan dambe. "Wannan tun yana goye aka fasa masa hanci. Ya yi dako, ya yi gadi, ya yi barci a tsaye. Babi biyu da safe, biyu da yamma. Kada ka wuce ƙyalle."

"In na wuce fa?"

"Ka ga ya gina bene, ciwonka ya dawo sabo fil. Kai mai kemis ne, ka san illar wuce ƙa'ida."

Wanda aka kora daga aiki, sai ya ba shi na wata nas da aka yi ta kora daga asibiti zuwa asibiti saboda ba ta iya yin shiru. Ɗalibi malalaci, ya ba shi na wata tsohuwa da ta koyi karatu daga takardun da ake ƙunshe mata kaya a kasuwa. Mai sabon aure da ya fara ƙorafi, ya ba shi na wani da ya tsufa a kurkuku, don ya san akwai waɗanda suka fi shi. Yana da ƙa'idoji kuma, yana raba su kyauta ko ba a tambaya ba. Littafin da mutum ya rubuta a kan kansa, a karanta shi da ido ɗaya a rufe, musamman in tsohon soja ne, don bai taɓa ganin janar ɗin da ya rubuta cewa ya gudu ba, kullum dabara ce ta sa ya ja da baya. Wanda 'ya'ya suka rubuta wa ubansu ba littafi ba ne, addu'a ce aka yi wa bango. Wanda maƙiyi ya rubuta akwai daɗi, amma yana sa ƙaiƙayi. Mafi inganci shi ne wanda tsohon direban mutum ko mai dafa masa abinci ya ba da labari, don su suka san shi ba hula. Sannan a duba hoton bango: in mutumin ya tallafe haɓa yana kallon nesa, a tanadi ƙyalle tun daga babi na biyu.

Matarsa kuwa, baiwar Allah, ita ke cinye ragowar. Duk littafin da ya rufe sai ta ɗauka ta fara daga ƙyalle zuwa ƙarshe. Ta ce can ne ake aure, a yi rashin lafiya, 'ya'ya su yi rigimar gado, can labari yake. Su biyun in ka haɗa su sun karanta littattafan duka, amma ba ya yarda ta gaya masa ko kalma ɗaya. In ta fara, "Ka san matuƙin jirgin nan daga baya..." sai ya taka keke da ƙarfi har ƙararsa ta danne ta.

To, akwai mutum ɗaya da Gajere bai iya sa wa ƙyalle ba, don shi ba a littafi yake ba, a gabansa yake yawo. Dogo ke nan. Tare suka koyi ɗinki a hannun maigida ɗaya, maigidan ne ya raɗa musu sunayen, suka bi su har furfura. Dogo bai taɓa iya ɗinki ba. In ya ja layi sai ka ce maciji ne ya bi ta kan yadin yana neman hanyar gida. Amma yana da tsawo, yana da baki, sai Maigida ya mai da shi ɗan kai ɗinki gidajen masu shi. A nan ya san mutane. Ya bar allura, ya fara karɓar kwangilar kayan makaranta yana raba wa teloli, har ya wayi gari da kamfani mai kekuna cike da ɗakin da in ka yi sallama a ƙofa sai gobe a amsa daga ƙarshensa. Duk da haka rigar da zai sa a jikinsa ba ya yarda kamfaninsa ya taɓa, wurin Gajere yake kawowa. Gajere yana ɗinka masa, yana cizon zare kamar naman Dogon yake cizo.

Wata safiya motar Dogo ta shigo layin, gabanta ya iso ƙofar shago bayanta bai gama shan kwana ba. Ya fito da farin yadi a hammata da littafi a hannu.

"Gajeren Maigida! Kana ciki, ko keken ya haɗiye ka?"

"Ina nan, Falwaya. Sunkuya, kada ka fasa min rufi, ban gama biyansa ba."

Dogo ya gaisa da matar Gajere, ya zauna a benci, benci ya yi kuka. Ya ajiye littafin a kan tebur. Ga shi nan a bango, ya tallafe haɓa yana kallon nesa, a gefensa an zana dutsen guga irin na gawayi.

"Tarihina ne," in ji Dogo, yana ɗan sosa ƙeya. "Za a yi taron ƙaddamarwa ƙarshen wata. Abu biyu nake so. Ka ɗinka min rigar da zan sa ranar. Sannan ka ɗora shi a kantarka, don mutanen layin nan ba sa karanta abin da ba ka sa wa albarka ba. Direbana ma ya ce sai ya ji daga bakinka."

Gajere ya ji daɗin wannan har cikin ƙashi, amma ya ɓoye. "Za mu duba. Ba kowane littafi ke hawa kantar nan ba."

"Za ka auna ni?"

"Me zan auna? Tsawon bai canza ba, tumbin ne ke ƙara aji duk shekara. Na san ajin da ya kai."

"Dogon hannu, kamar kullum," in ji Dogo yana miƙewa. "Ka matse shi sosai a wuyan hannu."

Motar ba ta gama fita daga layin ba Gajere ya buɗe littafin, ƙyalle a shirye a hannun hagu. Babi na farko, yaro yana kwana ƙarƙashin teburin yanka, ya tara ƙyallaye ya yi matashi. Gajere ya gyaɗa kai ya ce, "Allah sarki." Sai kuma ya tsaya. Yaushe Dogo ya kwana a shago? Dogo gidan uwarsa yake komawa kullum, ya kwanta a katifa. Wanda ya kwana ƙarƙashin teburin nan har ya san kowane ƙusa da sunansa, Gajere ne.

Babi na biyu, yaron ya yanka wa riga hannun dama guda biyu, Maigida ya karya masa rular katako a ka. Gajere ya kai hannu ya shafa tsakiyar kansa, inda har yau akwai ɗan kwari.

Babi na uku shi ne na dutsen guga. An cika shi da garwashi, ya zame daga gefen tebur zai faɗa kan farar rigar wani babban mutum, rigar da in ta ƙone sai an sayar da shagon da Maigida a ciki. Yaron ya tare dutsen da hannunsa, ya riƙe shi a haka har aka janye rigar. An rubuta ƙaurin fata, an rubuta yadda bai yi kuka ba sai da ya fita bayan shago. A ƙarshen shafin an ce, "Wani gajeren yaro da muke koyo tare ya tsaya yana ta ihu."

Gajere ya naɗe hannun rigarsa a hankali. Ga tabon nan, daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu, da tsininsa da faɗinsa, kamar an zana dutsen gugar da biro. Wanda ya yi ihu ranar Dogo ne. Shi ya ruga ɗebo ruwa, ya zubar da rabi a hanya, ya watsa ragowar a kan Maigida.

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!" Gajere ya daka tsawar da ta sa mai gyaran waya ya saki waya a ƙasa. "Uwar yara, kin ga ɓarawo? Ya sayi mota, ban ce komai ba."

"Ka ce," in ji ta, ba ta ɗago daga maɓallinta ba.

"Ya gina gida, ban ce komai ba."

"Ka ce, har ka ƙi cin abinci."

"Ban ce da ƙarfi ba! Amma wahalata? Abin da na mallaka ke nan a duniya. Shi yana da komai, ni ina da ƙuna ɗaya tak, ita ma ya zo ya ɗauke ya sa hotonsa a kai!"

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne littafin ya yi daɗi. Duk wahalhalun da ya karanta a rayuwarsa, ba wadda ta kai wannan tsari. Ya sake karanta babi na uku, hawaye ya zubo masa, ya ji haushin hawayen don ba ya son a ce Dogo ne ya sa shi kuka.

Kafin mako ya zagayo littafin ya fara yawo a layin, don Dogo ya raba wa wasu. Tsohon hedimasta, wanda ke zama a bencin Gajere kullum yana musu kyauta, ya shigo yana girgiza kai.

"Tela, ashe haka mutumin nan ya sha wuya? Hassada ga mai rabo taki. Ni dai ranar taron nan sai na roƙe shi ya nuna mana tabon, in gani da idona. Ya ka gani, a karanta?"

Gajere yana tsaye a kan farar rigar Dogo da almakashi. Idonsa ya yi wani ƙyalli. "Ku je taron tukuna, ranka ya daɗe. Ku zauna a gaba. Kada ka manta tabarau."

Ya riga ya haɗa rigar da dogon hannu kamar yadda aka ce. Hedimasta na fita ya shimfiɗa ta, ya ja alli sama da gwiwar hannu, ya sa almakashi. Ƙaras, ƙaras. Hannun dama ya faɗi, na hagu ya bi shi. Ya jefa su kwandon ƙyallaye, ya kalmashe bakin, yana waƙa ƙasa-ƙasa, abin da bai yi ba tun ranar da motar Dogo ta farko ta yi faci a gaban mutane.

Da rigar ta isa lungu don a dasa mata maɓallai, matarsa ta ɗaga ta, ta juya ta, ta dube shi.

"Baban yara, rigar nan ta yi hatsari ne?"

"Zafi ake yi. Ina tausaya masa."

"Uhm." Ta zura zare a allura. "Na karanta nawa rabin."

Gajere ya kai ƙafa zai taka keke, amma ƙafar ta ƙi. "Ban tambaye ki ba."

"Ba ka tambaya ba. Ba komai a ciki. Ya hau jirgi, ya sauka daga jirgi. Ya sayi inji, ya ƙara sayen inji. Ya ɗauki hoto da wane da wane. Ni da ban taɓa ajiye littafi ba, na yi gyangyaɗi har allura ta soke ni. Sai da na ari ƙyallenka na sa masa."

Zuciyar Gajere ta tashi ta taka rawa ta koma ta zauna.

"Duk daɗin littafin nan naka ne," ta ci gaba. "To ka tona shi a gaban mutane. Su ga hannu sumul, su ce ƙarya ce. Ba za su ce ƙunar ta wani ce ba, cewa za su yi ba a yi ta ba sam. Har kwanan ƙarƙashin tebur, har rular. Sai a kwashe littattafan a kai wa masu ƙunshe kaya. Kai kuma wa zai sake rubuta ka?"

"Ke dai sa maɓalli," in ji Gajere.

Ana jibi taro Dogo ya zo gwaji. Ya cire tasa, ya zura sabuwar, ya tsaya gaban madubi. Hannayensa suka fito zalo-zalo, dogaye, sumul kamar na jariri, ko cizon sauro babu. Ya dube su a madubi. Ya dubi Gajere, wanda ya naɗe nasa hannun rigar har kafaɗa, ya ɗora tabon a kan keke inda haske ke dukansa. Ana jin mai kemis yana tari ta bango.

"Ka karanta ke nan," in ji Dogo.

"Har ƙyalle. Na ga wani gajeren yaro yana ihu. Ya yake? Yana nan da rai?"

Dogo ya zauna, benci ya sake kuka. "Gajere, wani yaro na ɗauka mai rubutu. Ya zo da na'urarsa ya ajiye a gabana ya ce, ranka ya daɗe, ba ni wahalar ƙuruciya. Na yi tunani, na yi tunani, na ce akwai ranar da aka ba ni shayi ba madara. Ya kashe na'urar. Ya ce ba wanda zai sayi littafin mutumin da bai sha wuya ba. Na sake lalube, wallahi ban samu abin da zai cika shafi biyu ba. Kai ka kwashe duka."

"Au, laifina ne ma?"

"Tun muna yara kai ke da labari. In an zauna kai ake saurara, ni a aike ni sayo zare. Ranar da Maigida zai cika, ni na kai shi asibiti a motata, amma hannun wa ya riƙe? Wannan mai tabon. Ni ko kallona bai yi ba, sai da ya so a rufe taga. Kana tsammani ban ji ba? Na daɗe ina ƙyashin tabon nan, Gajere."

Gajere ya sa ɗan yatsa ya goge kunne. "Ka ce me? Injin mai gyaran waya ya cika ƙara."

"Ba a kunna inji ba."

"Duk da haka, maimaita."

"Na ce ina ƙyashinka, gajeren banza!"

Gajere ya lumshe ido. Tunda uwarsa ta haife shi ba a taɓa gaya masa magana mai zaƙin wannan ba. Matarsa ta sunkuyar da kai tana dariya a cikin mayafi.

Dogo ya cire rigar, ya ninke ta da kansa, ya ajiye a tebur. "Ban taɓa mayar maka da ɗinki ba. In haka ka ɗinka, haka zan sa. Gobe direba zai zo ya karɓa." Ya sunkuya ya fita.

Gajere ya zauna yana kallon rigar. Ya ci nasara, ga ta a ninke, amma maganar matarsa ta ƙi fita daga kansa. Ya hango ɗakin taro, hedimasta ya gyara tabarau ya ce ƙarya ce. Ya hango littattafan a tare a wurin mai tsofaffin takardu. Ya hango wani tela a wani layi ya sayi ɗaya ya tokare ƙafar kekensa da shi, da dutsen gugarsa, da teburinsa, da kukan da ya yi a bayan shago, duk a ƙarƙashin ƙafar keken wani ƙato. Wannan ne bai iya haɗiyewa ba.

Ya kifar da kwandon ƙyallaye a tsakar shago yana tonawa kamar kaza. Ya samo hannayen biyu. Ragowar yadin ba zai isa sababbi ba, dole waɗannan za a mayar. Ya haɗa su, sai ga layin haɗin ya fito ɓaro-ɓaro sama da gwiwar hannu, kowa ya gani ya san an yi aika-aika. Ya yi tsaki, ya yanko siririn yadi ya ɗora a kan haɗin, ya bi shi da zare mai ruwan toka, layi a kan layi, ya yi masa ado irin wanda bai taɓa yi wa kowa ba. Ya maimaita adon a bakin aljihu da wuyan hannu don a ce da gangan ne. Wuyan hannun kuwa ya matse shi yadda ko iska sai ta nemi izini. Yana yi yana zagin Dogo, da tsawonsa, da motarsa, da mai rubutunsa. Rigar ta fito kamar a sa ta a gilashi.

Ranar taro Gajere ya zauna a sahun gaba, ƙafafunsa na lilo, hannun rigarsa a sauke har yatsu. Aka yi jawabai masu tsawon Dogo. Can hedimasta ya miƙe, ya gyara tabarau, ya roƙi mai littafi ya nuna wa jama'a tabon nan mai tarihi. Ɗaki ya ɗauki tafi. Dogo ya kai yatsa wuyan hannun rigarsa yana taɓa maɓalli, gumi ya keto masa.

Gajere ya haye kan kujerarsa ya tsaya, sai ga shi ya kai tsawon mutane.

"Jama'a, ni na ɗinka rigar nan, kuma ba a naɗe ta. Duk wanda ya sa aka yage min aiki, shi da ni ne. In shaida kuke so, ina wurin ranar da abin ya faru. An yi ƙunar nan. Kuma ta fi yadda aka rubuta zafi, wanda ya rubuta bai san rabinta ba. Ku saya ku karanta. Na karanta wahalar mutanen duniya, ban ga wadda ta kama ƙafar wannan ba. Amma ku tsaya a babi na shida."

Aka bushe da dariya, aka yi tafi, hedimasta ya zauna ya gamsu, don a layin nan in Gajere ya ce a karanta, magana ta ƙare. Dogo ya dube shi daga kan dandamali ya gyaɗa kai. Gajere ya kau da fuska, don a lokacin ya lura da agogon da ke hannun Dogo, sabo ne.

Yanzu littafin yana kanta ta sama, a sahun farko, gaban na matuƙin jirgi. Duk wanda ya zo neman abin karantawa shi ake fara miƙa masa, da ƙyalle fari a tsakiya. In an dawo ana yabon jarumtar yaron nan mai dutsen guga, sai Gajere ya ce a zauna a ba shi labarin dalla-dalla, kamar bai sani ba, yana saurare yana shafa hannu ta saman riga.

Da a nan abin ya tsaya da Gajere ya yi ƙiba. Amma hotunan taron suka bazu, kuma ba a jima ba wani saurayi ya shigo da yadi, ya miƙa masa waya.

"Baba tela, irin wannan nake so. Mai ado a dantse. Hannun Dogo."

Gajere ya cire tabarau. "Hannun wa?"

"Hannun Dogo mana. Ai shi ya ƙirƙiro shi, kowa ya sani. Za ka iya kuwa, ko in kai kamfaninsa?"

Matarsa ta tashi ta fita waje da sauri, ana jiyo dariyarta har kemis. Gajere ya karɓi yadin, ya auna saurayin, ya ja tef ɗin a wuyansa fiye da yadda awo ke bukata. Daga ranar bai huta ba, layin gaba ɗaya hannun Dogo yake so, ciniki ya buɗe masa yadda bai taɓa gani ba, kuma kowace riga da sunan Dogo take fita daga shagon.

An ce za a sake buga littafin, a ƙara babi a kan yadda dabarar hannun rigar ta zo wa Dogo. Gajere ya riga ya yanka ƙyallensa ya ajiye a aljihu.